Kofin Shekarar Tamanin

Selebi-Phikwe, Botswana
9 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga ƙanwata Shuvai,

Chihera, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarmu Amai. Yaya idon tsohuwar? Tana ɗiga maganin, ko ta sake ɓoye kwalbar ta ce ta ɓata? Yaya gwiwarki da wannan damina? Mu nan lafiya lau. Matata Mai Ruva, uwar Ruva, tana gaishe ku, yara ma haka. Ni dai tarin nan ne bai sake ni ba, amma ina shiga ramin ma'adini ina fitowa da ƙafafuna, na gode Allah.

Amai ta sa an rubuto mini cewa Kulob ɗin Jakaranda sun aiko miki da takarda. Wai za su yi bikin cika shekara saba'in ranar sha shida ga Mayu, kuma suna so su karrama ki, su kafa hotonki a zaure, su ba ki lambar yabo. Ta ce kin karanta takardar kin ajiye ta a ƙarƙashin tukunyar sadza, tuwon masararmu, har yau ba ki ba su amsa ba.

Ƙanwata, na san ki. Mu mazan gidanmu Mhofu ne kirarinmu, amma ba a banza ake kiran matan gidanmu Chihera ba, wuyanku ba ya lanƙwasuwa. Amma ki saurari yayanki sau ɗaya. Shekara bakwai ke nan da kika bar wasa, wa ya tuna da ke? Macen da ta kai ta ɗari da arba'in da biyu a duk duniya a wasan tanis, yau tana koyar da tsalle-tsalle a firamaren Sakubva, yara ba su ma san wace ce ke busa musu usur ba. Yanzu an tuna. Kulob ɗin ma ba na da ba ne, shugabansa namu ne, Gwatidzo, wanda muka yi aji ɗaya da shi. Ki je ki karɓa, ki yi murmushi a ɗauki hoto, Amai ta ga wannan rana da sauran ganin da ya rage mata. Baba ya ja abin daddale fili a wurin nan shekara ashirin da shida. Da yana raye da ya sa kwat ɗinsa na coci.

Ki ba ni amsa da wuri.

Yayanki,
Zivanai

Sakubva, Mutare
24 ga Fabrairu, 1998

Bhudhi Zivanai,

Mhofu, na sami takardarka, na gode. Muna lafiya. Amai tana ɗiga magani in na tsaya a kanta. Gwiwa tana kumbura in an yi ruwa, ta sauka in rana ta fito, mun saba da juna. Ka je asibiti a duba tarin nan, kada ka ce mini shayi da lemun tsami. A gaishe da Mai Ruva da yara.

Ka ce in je, to na je, ranar Talata. Ta ƙofar gaba na shiga, ka san dai ta baya muka saba. Abokin naka ya tarye ni da hannu biyu, tumbi a gaba, yana kirana Sisi, wai 'yar'uwa. "Sisi Shuvai! Gwarzuwarmu! Gida kika dawo!" Ya miƙo mini ɗan littafin da za su raba ranar biki. A shafi na huɗu ga hotona, a ƙasa an rubuta: "'Yar mai gyaran filinmu, wadda kulob ya tsinta ya raina har ta zaga duniya."

Bhudhi, yayana, wai tsinta. Kai shaida ne. Bangon bayan ɗakin wanki shi ya raine ni, da tsohon raket ɗin da Baba ya ciro daga kwandon shara ya ɗaure da waya. Filayen da yake daddalewa da ƙasar shuri, yake ja musu layi da farar ƙasa, ban taɓa taka su da takalmi ba sai in an ce in tsinto ƙwallo. Zaga duniyar kuma da wa na yi? Shekara tara ina yawo da jaka ɗaya da raket uku. Ni ke saƙa wa raket zare, ni ke wanke kayana a bahon masauki, ni ke tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa da hannu a garuruwan da ba na jin yarensu. Ranar da na doke ta ashirin da takwas a duniya a Italiya, a kan jar ƙasa, babu mutum ɗaya a filin da ya iya faɗin sunana daidai. Sau biyu ina kaiwa wasan ƙarshe na share fagen babbar gasar Ingila, sau biyu ina faɗuwa a bakin ƙofa. Da jijiyar gwiwata ta tsinke a Fotugal, ni na rarrafa na fita, kulob bai aiko mini ko da kati ba.

Duk wannan da zan haɗiye. Amma da na ɗaga kai sai ga allon nan na katako, mai sunayen waɗanda suka ci kofin mata da ruwan zinariya. Na bi shekarun da yatsa. 1980: P. Harland.

Na ce, "Mista Gwatidzo, wa ya ci wasan ƙarshe a shekarar tamanin?"

Ya ce, "Ga shi nan a rubuce, Sisi."

Na ce, "Ba wanda aka rubuta na tambaye ka ba."

Ya yi dariya ya ce ai wannan kafin zamaninsa ne. Na ce ni a zamanina ne. Wata huɗu da samun 'yanci, karo na farko da aka bar baƙar mace ta shiga gasar, ina da shekara sha bakwai. Na doke matar nan shida da huɗu, uku da shida, bakwai da biyar, a fili na ɗaya, kuku da masu wanki suna leƙe ta bayan shinge. Aka ce in dawo Litinin in karɓi kofi in an zana suna. Litinin na zo, sakatarensu Coetzer ya ce wai takardar shigata ta iso bayan an rufe, saboda haka ban ma shiga gasar ba. Ni kuwa mako guda kafin a rufe na kai ta mashayar kulob, inda ake tara takardun. A hannunka na sa ta, kana goge kofuna.

Na gaya wa Gwatidzo sharaɗina ɗaya ne. A kankare Harland a rubuta Madzime, sannan in zo in yi musu murmushi har su gaji da ɗaukar hoto. Ya ce zai kai wa kwamiti.

Kai ne shaidata, Mhofu. Ka rubuto mini layi biyu cewa ka karɓi takardar a kan lokaci, ka sa hannu, in kai musu.

Ƙanwarka,
Shuvai

Selebi-Phikwe
15 ga Maris, 1998

Chihera,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da jinkiri, an canja mana lokacin aiki. Na je asibitin, sun ce ƙura ce, sun ba ni ƙwayoyi. Ruva ta zo ta uku a ajinsu, ta ce a gaya wa Tete, wato ke gwaggonta. Yaya Amai? Na ji farashin garin masara ya sake tashi a wajenku, Allah ya sawwaƙe.

Na karanta takardarki sau uku. Duk abin da kika faɗa game da wahalarki gaskiya ne, babu mai musu. Amma maganar allon nan, don Allah ki bar ta. Shekara sha takwas ke nan. Coetzer ya mutu, matar nan an ce tana Ostareliya wajen 'ya'yanta. Da wa za ki yi faɗan? Da katako? Kin ci kofunan da suka fi wannan, wasu ma Amai tana zuba maɓallai a ciki.

Layi biyun da kika nema ba zan iya rubutawa ba. Kada ki tambaye ni dalili a takarda. Abin da zan ce kawai, da hannuna a cikin wannan magana, kuma in kika tsananta ni ne zan ji kunya a gaban mutane, ba kwamiti ba. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da kika girma. Yau na roƙe ki.

Ki karɓi lambar ki dawo gida.

Yayanki,
Zivanai

Sakubva, Mutare
28 ga Maris, 1998

Bhudhi,

Muna lafiya. Amai tana gaisuwa. A ce wa Ruva Tete ta ji, amma ta uku ba ta ɗaya ba ce.

Ashe haka ne! Da hannunka a ciki. Tun farko na yi mamaki, mutanen da suka shekara bakwai suna wuce ni a mota ina tafe a ƙafa, yaya aka yi dare ɗaya suka tuna da ni? Ashe yayana ne ya rubuta wa abokin ajinsa, a taimaka a ba ƙanwata wani abu ta rataya a bango, ta zama abin tausayi. Shi ya sa takardarka ta farko ta zo da zaƙi haka. Shi ya sa ba za ka iya yi mini shaida ba, kada ka ɓata wa Gwatidzo bikin da kuka ƙulla tare.

To ka ji da kyau. Ni ba abar tausayi ba ce. Usur ɗin da kake rainawa, da shi na fitar da 'yan mata huɗu da suke buga wa lardi wasa yanzu, a kan filin da na share da hannuna a bayan makaranta, da ragar da muka saƙa da igiyar buhu. Ban roƙi kowa ya tuna da ni ba. Abin da na ci da gumina shi nake nema, ba sadaka ba.

Kwamitin nasu ya zauna. Gwatidzo ya aiko da amsa cewa tarihi ba a taɓa shi, amma za su iya ƙara wa lambata girma. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya ce ko faranti suka mayar da ita ba na so.

Kana cewa da katako nake faɗa. E, da katako. Katakon nan kowace yarinyar da ta shiga zauren shi take karantawa, kuma yana gaya mata cewa a shekarar tamanin babu wata kamarta da ta isa. Ƙarya yake yi, kuma ni ce kaɗai na rage da zan ƙaryata shi, tunda kai ka zaɓi abokinka.

In kunya ce za ka ji a gaban Gwatidzo, ka fara ji tun yanzu.

Shuvai

Sakubva, Mutare
27 ga Afrilu, 1998

Zivanai,

Ina fata kana lafiya. Wata guda ba ka ce komai ba. Kullum Amai sai ta aike ni gidan waya, kullum in dawo hannu rabbana. Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Idonta na hagu ya ƙara dushewa, in kana son sani.

Da na ɗauka fushi kake da takardata. Yanzu na gane ba fushi ba ne.

Jiya bayan coci na biya kulob. Saboda bikin sun fito da tsofaffin kaya sun jera a kan tebur a zaure, hotuna da raket na katako da littattafan da ake rubuta abin da kwamiti ya tattauna. Babu wanda ya hana ni, na ɗauki na shekarar tamanin na buɗe watan Agusta. Ga zaman da suka yi a kaina, rabin shafi. A gefe an maƙala wata takarda da allura, allurar har ta yi tsatsa ta ɓata wurin. An buga ta da tafireta: "Ni ma'aikacin mashaya na shaida cewa takardar S. Madzime ta iso hannuna kwana biyu bayan an rufe karɓa." A ƙasa ga sa hannu. Na san wannan Z ɗin mai doguwar wutsiya. Da ita kake rubuta sunanka a bangon littattafan da nake gada daga wajenka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wata mata ta zo ta tambaye ni ko ta kawo mini ruwa. Na ce a'a, na rufe littafin na mayar da shi daidai inda yake.

Da hannunka a ciki. Ka faɗa mini gaskiya ƙarara, ni ce ban iya karatu ba. Na zage ka a kan laifin da ba ka yi ba, ashe wanda ka yi ya fi shi.

Ranar Litinin ɗin nan da na dawo gida ina kuka, kai ka zauna kusa da ni a bakin ƙofa, ka ɓare mini lemu, ka ce Turawa ne, haka suke. Shekara sha takwas ina ba mutane labarin nan a ƙasashe fiye da goma, ina cewa yayana ne kaɗai ya tsaya mini.

Ban gaya wa Amai ba. Ranar sha shida zan je, da shaidarka ko babu. Abin da zan faɗa a wurin ban gama yanke shawara ba, kuma ban yi maka alkawarin zan ɓoye sunan kowa ba.

Shuvai

Selebi-Phikwe
4 ga Mayu, 1998

Ƙanwata Shuvai,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Amai. Ban cancanci ki tambayi lafiyata ba, amma kin tambaya. Ina nan. Takardarki ta ƙarshen Maris na amsa ta sau biyar ina yagawa. Ta Afrilu ta iso ranar Asabar, ta hutar da ni neman inda zan fara.

Ni ne. Ban taɓa rubuta wa Gwatidzo ba, rabona da shi tun muna makaranta. Amma wancan sa hannun nawa ne.

Ranar Lahadi, washegarin wasan, Coetzer ya kira ni ofis. Na shiga na tarar da Baba a tsaye, hularsa a hannu. Takardar tana kan tebur, an riga an buga. Coetzer bai ɗaga murya ba. Ya ce matan kulob sun ce ba za su sha shayi a ƙarƙashin sunan 'yar mai shara ba. Ya ce ko in sa hannu, ko ni da Baba mu bar aiki a ƙarshen wata, mu fita daga ɗakunan bayan kulob, mu da Amai da ku duka. Na ce ba zan sa ba. Wallahi na faɗa, sau biyu. Na juya na dubi Baba. Shi ƙasa yake kallo. Can ya ce, "Sa hannu, Mhofu. Yarinyar za ta ci wasu."

Ban faɗi wannan don in ɗora wa mamaci ba. Ina da shekara ashirin da ɗaya, alƙalamin a hannuna yake. Da muka fito Baba ya ɗauki abin daddale fili ya yi ta ja a fili na ɗaya har rana ta faɗi, filin da ba ya bukatar komai. Bai sake yi mini maganar ba har ya rasu. Kin sha tambayata me ya kai ni ramin Botswana alhali ina da aiki a inuwa. Na kasa ci gaba da ganinki kina wucewa da raket kina ce mini sannu da aiki, Bhudhi.

Na nemi hutu in zo, an hana ni. Ga wata takarda a cikin wannan ambulan. Na rubuta duk abin da ya faru da hannuna, na je na rantse a gaban jami'i, ya buga hatimi. Sunana yana ciki ɓaro-ɓaro. Sunan Baba ban sa ba, wannan ke za ki yanke. Ki karanta ta a gaban duk wanda kika ga dama.

Ban ce ki yafe ba. Amai kuma ki bar ni in gaya mata da bakina.

Yayanki, in har yanzu kin yarda,
Zivanai

Sakubva, Mutare
19 ga Mayu, 1998

Bhudhi Zivanai,

Gaisuwa. Muna lafiya. Takardarka ta iso ranar Alhamis, saura kwana biyu biki. Na karanta a tsaye a gidan waya, na zauna a kan matakala na sake karantawa. Maganar Baba ta fi komai yi mini ciwo. Na je kabarinsa ranar Jumma'a na cire ciyawa, na ce masa, Baba na ci wasu kamar yadda ka ce, amma wancan ma nawa ne, kuma ko kai ne ka tashi ka ce in yi shiru ba zan yi ba.

Ga yadda aka yi. An kafa rumfa a fili na biyu, mutum ya fi ɗari biyu, manyan gari da matansu da huluna. Amai ta sa farar rigarta ta matan coci, na zaunar da ita a gaba. Gwatidzo ya yi jawabi har mutane suka fara fifita da ɗan littafin. Ya kira sunana, aka tafa, ya miƙo lambar a cikin akwati mai jan ƙyalle. Na ce ya riƙe tukuna, na karɓi lasifika.

Na ce musu ni Shuvai ce, 'yar Madzime mai gyaran fili. Na ce ba tsintata aka yi ba, a nan aka haife ni, bayan wancan shingen. Na faɗi ranar wasan, na faɗi sakamakonsa zango-zango. Sai na zaro takardarka na karanta daga farko har hatimi. Sunanka na faɗa da ƙarfi, tunda ka ba ni izini. Na Baba na bar shi inda ka bar shi.

Gwatidzo yana ta raɗa mini, "Sisi, ba a nan ba, Sisi, za mu zauna." Na ce masa, "Kun zauna a shekarar tamanin, kun zauna a watan Maris. Yau tsayuwa za a yi." Wani daga baya ya ce a kashe lasifikar, wata mata ta juya ta ce masa shi ya kashe bakinsa. Wani tsohon Bature mai sanda ya miƙe, na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce shi ne ya zauna a kujerar alƙali ranar, kuma sakamakon da na faɗa haka yake. Ya koma ya zauna. Shekara sha takwas yana da wannan bakin, sai ranar ya tuna da shi. Ban gode masa ba.

Na bar musu lambar a kan tebur kusa da kek, na kama hannun Amai muka fita. Kada ka damu da yadda za ka gaya mata, ta ji komai da kunnenta. Na san ka roƙe ni in bar maka wannan, ban iya raba biyun ba. A cikin bas, da muka kusa gida, ta ce, "Ki rubuta masa ya zo Kirsimeti. Yaron nan ya daɗe a rami."

Jiya kwamiti ya aiko da takarda. Sun yi baƙin ciki, za su duba, amma dokar kulob ta ce ba a canja allo sai babban taron shekara ya amince, kuma mambobi ne kaɗai ke magana a taron. To, yau da safe na je na cika takarda na zama mamba. Na kuma ga sanarwa a bango cewa gasar kofin mata tana nan a watan Agusta, ga duk macen da take mamba. Na cika wannan ma. Na sa aka rubuta mini ranar da aka karɓa, aka sa hannu, aka buga hatimi, a gaban mutum biyu.

Yafiya kuwa ban sani ba tukuna. Amma Bhudhi na rubuta a sama, ka gani.

Shuvai

Sakubva, Mutare
2 ga Satumba, 1998

Mhofu,

Ina gaishe ka, da Mai Ruva da yara. Na sami takardunka biyu, ban amsa ba don hannuna yana kan raket. Na ji daɗi tarin ya ragu. Amai lafiya, an sa ranar yi mata aikin ido a watan gobe. Ni kuwa daga kan gado nake rubutu, ƙafa a kan matashi biyu, gwiwa ta yi kamar kabewa. Likita ya yi mini faɗa kamar ya doke ni.

Wata uku ina fita da sassafe kafin makaranta, 'yan matana suna jefo mini ƙwallo. Wasa huɗu na buga a gasar. Uku na farko ba labari. Na ƙarshe da wata 'yar jami'a ce mai shekara sha tara, doguwa, bugunta kamar harbi. Ta ga ɗaurin gwiwata, ta yi abin da ni ma zan yi, tana ajiye mini ƙwallo a gindin raga in yi ta gudu. Ta cinye zangon farko shida da biyu. Da muka zauna na ji wani a bayana yana cewa tsohuwa ta gama. Na sha ruwa na tashi. Ƙafa ta tafi, amma shekara tara a Turai ba gudu kaɗai suka koya mini ba. Na daina ba ta ƙwallo mai ƙarfi, na yi ta aika mata masu tashi sama a hannunta na hagu har ta fara zagin raket ɗinta. Na cinye sauran biyun, shida da huɗu, shida da uku. Da muka gaisa a raga ta ce, "Tete, ki koya mini wannan muguntar." Na ce ta zo Sakubva ranar Asabar.

Gwatidzo da kansa ya miƙo mini kofin, yana murmushi kamar mai ciwon haƙori. Shi ne dai, Bhudhi, na azurfa mai hannu biyu. Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Ya fi yadda na zata nauyi. Dokarsu ta ce wadda ta ci tana tafiya da shi gida shekara guda, ita ke kai shi a zana sunanta.

To na kai shi ranar Litinin, wajen mai zanen ƙarfe na kusa da kasuwa. Ya zana 1998, S. Madzime. Na ce saura ɗaya, na nuna masa layin shekarar tamanin. Ya ce, "Mama, ai akwai suna a nan." Na ce kada ya goge, matar ta buga wasa mai kyau ranar, ta zo ta biyu da gaskiyarta. Ya rubuta nawa a samansa, da harufan da suka fi girma. Ya ce ba za a kama shi ba? Na ce in an zo ya ce Chihera ce ta sa shi.

Jiya Gwatidzo ya aiko cewa na lalata kayan kulob, za a tattauna batuna a babban taron Nuwamba. Na ce madalla, dama ina da magana a taron, sai a haɗa da ta allon a yi sau ɗaya.

Ka zo Kirsimeti. Ka zo da wuri, ka ɗauki hutu mai tsawo, akwai maganganun da ba na takarda ba, kuma ba duka ne za su yi maka daɗi ba. Zan tarye ka a tasha da kaina, ko da sanda ne.

Ƙanwarka,
Shuvai Madzime